Rijiyar Surukin Munkaila

Munkaila ma'aikacin servis ɗin ruwa ne, wato hukumar ruwa, a Dogon Dutsi, kuma ba ya tauna magana. Aikinsa ya ɗebi ruwan rijiya, a auna gishiri da tsami da ƙarfe da nitrat, a haɗa su a fitar da maki ɗaya. In makin ya haura ɗari, ruwan ba na sha ba ne. Ya sha gaya wa masu gari haka ido da ido, ya hau babur ɗinsa ya yi gaba.

Sai ga rijiyar surukinsa, Alhaji Ma'azu na wajen Ɗan Kassari, ta haura ɗari har ta yi nisa. Alhaji ne ya sa aka haƙa ta dab da turken shanunsa, kuma duk baƙon da ya zo sai ya leƙa ta kafin a shimfiɗa masa tabarma. Hankalin Munkaila ya tashi ƙwarai, don 'yarsa Fa'iza tana gidan, an kai ta yaye wajen kakarta.

Ya isa, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa kai a ƙasa. Aka ajiye masa ruwa bai taɓa ba, mata suna ta yaba kunyarsa.

"Baba," ya ce da ƙyar, yana kallon tabarma, "akwai wata rijiya can gabas, an iske fitsarin bisashe na shiga cikinta."

"Subhanallahi! Mutanen gabas ke nan, ba tsabta."

"Mai rijiyar dattijo na, Baba, mai mutunci."

"Wane mutunci? Shi kashe jikokinai? Kai ma ka cika sanyi. Da ni ka aikinka, yau ɗin ga zan rufe ta!"

Munkaila ya ce haka ne, yana ta zufa.

Ana cikin haka surukarsa, Inna Barira, ta fito da Fa'iza tana kuka. Ta tsoma moɗa a randa, ta kai bakin yarinyar. Munkaila, wanda bai taɓa haɗa ido da matar nan ba, ya yi tsalle ya tsallake ƙafafun Alhaji, ya fizge moɗar, ruwa ya wanke wa tsohuwa zani.

"Kar ta sha, Inna! Baba, rijiyarka ta!"

Munkaila yana tsaye da moɗa a hannu, ji yake kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

Alhaji ya daɗe yana duban jikarsa. Sannan ya tashi, ya je bakin rijiya ya kwance guga da hannunsa, ya jefa shi kan rumbu. Ya dawo ya zauna, bai dubi surukin nasa ba.

"In ka koma," ya ce, "ka ce dattijon nan na gabas ya ji."