Birki na Biyu

Ya miƙa hannu a ba shi makullin mota, autarsa ta damƙe shi a tafinta ta ce ya zagaya ɗaya gefen. A filin ajiye motocin asibiti suke, rana ta take. Idonsa na dama a naɗe da bandeji, na hagun kuwa dishi-dishi yake gani, don shi ma yanar ido ta fara rufe shi. Tun makon jiya likita ya gargaɗe shi kada ya tuƙo kansa ranar aikin idon. Ya tuƙo. A cewarsa, wanda ya shekara talatin da huɗu yana koya wa mutane tuƙi, ba yaron likita ne zai faɗa masa yadda ake zuwa asibiti ba.

Motar ta tsohuwar makarantarsa ce, mai birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a ƙafar malami. Makarantar ta daɗe da rufewa, amma bai taɓa yarda bakanike ya cire na biyun ba.

Nas ta yi musu bayani kafin sallama. Mako biyu za a yi ana ɗiga masa magani sau huɗu a rana, kada ya sunkuya, kada kuma a bar shi shi kaɗai. To, tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake kwana yake tashi. Babban ɗansa ya ce aiki ya tsare shi, mai bi masa bai ma ɗaga waya ba. Auta ce ta biyo bas ta zo. Ba ta ce gidanta za ta kai shi ba, shi kuma girman kai ya hana shi tambaya, alhali tun a kan gadon asibiti abin ke cin ransa.

Ba su fita ƙofa ba ya fara ba ta umarni. Ta gyara madubi. Ta saki kuloci a hankali, ba gudun tsere ake ba. Ta ba wancan mai tasi hanya, mahaukata ne duka.

Dab da shataletale ya ji an danna ham, ya ga wani baƙin abu ya taso ta gefensa. Ƙafarsa ba ta yi shawara da shi ba, ta take birkin gefensa. Motar ta ƙame a tsakiyar titi ta mutu, kan autar ya kusa dukan sitiyari, wani mai babur da ke biye da su ya goge fitilar baya ya wuce yana zuba ashar. Mai babur ɗin sai da ya leƙo ya tambaye ta ko a kasuwa ta sayi lasisi. Baƙin abin kuwa bas ce a tsaye tana sauke fasinja, ko motsi ba ta yi.

Ta tayar, ta gangara gefen titi, ta kashe.

Ya soma cewa ai da ta rage gudu tun daga baya, amma bai ƙarasa ba. Ya tuna wata safiya, tana da shekara goma sha tara, a cikin motar nan. Duk taku ashirin sai ya take mata birki, har ta buɗe ƙofa ta koma gida a ƙasa tana kuka. Ranar ya gaya wa uwarta yarinyar ba ta da kan tuƙi, a bar maganar.

“Baba, shekarata tara ina tuƙi,” in ji ta, idonta a kan titi. “Ban taɓa goge ko kaza ba sai yau.”

“Wa ya koya miki?”

“Makarantar nan ta bayan kasuwa. Mama ce take raka ni. Duk ranar da ta ce maka za mu duba ƙanwarta, can muke.”

Ya tuna yadda yake tsayawa a bakin ƙofa yana duba agogo, yana yanka musu ƙarfe nawa za su dawo. Ashe matar nan ta zauna a kan bencin wani malamin tana kallon ɗiyarta tana zagaya fili, ta dawo ta zuba masa abinci, har ta koma ga Allah ba ta ga fuskar da za ta ba shi labari ba.

Autar ta ce tana da yara biyu da miji da aikin safe, ba za ta iya mako biyu ana take mata birki a cikin gidanta ba. In ya fi so, za ta sauke shi a nasa, ta nemo wanda zai riƙa zuwa ɗiga maganin.

Ya laluba ya buɗe ƙofa. Ta zaci fushi ya yi, ta ce, “Baba, ina za ka a haka?” Ya dafa jikin motar, ya ja ƙafa taku biyu, ya buɗe ƙofar baya ya shiga. Bai taɓa zama a kujerar nan ba. Ya haɗa hannuwansa a cinya, ya rufe idon da ya rage.

“Mu je, Auta.”

Ko da ido a rufe yakan gane titunan garin nan, kowane da ramukansa da kwanarsa. Ya ji sun zagaya shataletalen, sun haye gada, sun wuce inda ake karyawa zuwa gidansa ba ta rage gudu ba. Tuƙinta lafiya lau, giya na shiga ba a jin ta. Can ta karya dama, ta sake karyawa, suka hau wata hanya mai tsakuwa wadda jikinsa bai gane ba sam. Sai a nan ya san gidanta za su. Shekararta bakwai a unguwar, tun ranar da ya ce ba ta yi masa ba, bai taɓa tako ta ba.