Motar Maha Ta Zo Ta Sha Ɗaya

Shekara talatin da takwas mijina Wada ya yi yana jan bas ɗin alhazai tsakanin Makka da Madina, mutum hamsin a bayansa, ga jakunkuna ga jarkokin zamzam. Sai Allah ya ba shi 'ya, Maha, da ta tafi Italiya aiki a kamfanin ƙera motar tseren Fomula Wan, mota mai kujera ɗaya tal, ba wurin ajiye ko leda. Ranar da ta turo hoton ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce wannan ai rowa ce aka sa wa taya.

Motar bara kam ta ba shi abin faɗa. An tsuke mata ciki don ta yanka iska, sai birkinta ya riƙa ɗaukar zafi. Sau bakwai tana tsayawa tsakiyar tsere tana hayaƙi. Da aka zo ƙera ta bana aka ba Maha aikin ɗan bututun da ke kai wa birki iska. Bai fi ludayi ba. Wada ya ce shekara uku yarinya na cin taliya a ƙasar mutane a kan ludayi, ya isa haka. Ya gindaya sharaɗi: in motar ba ta shiga goman farko ko sau ɗaya a bana ba, Maha ta tattaro ta dawo gida Zahir, unguwarmu a Makka. Ta amince, don wajen taurin kai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ce a tsaka mai wuya: ina kewarta, kuma ba na son a karya mata zuciya.

Motar ta daina hayaƙi, amma yau ta zo ta sha uku, gobe ta sha biyar, har aka zo tseren ƙarshe a Abu Dabi, bayan la'asar. Wada ya ce shi ba kallo ya zo ba, shayi ya zo sha, kuma ba shi ya ajiye talabijin a falo ba. Maƙwabcinmu Lurwanu mai turare ya shigo da dabino ya zauna.

Motarmu ta tashi a ta sha shida. Ba a yi zagaye goma ba mai shan shayi ya matso bakin kujera. Da ta shiga canjin taya, mutum ashirin suka yi mata caa, kafin in kai dabino baki ta fice da sababbi huɗu. Wada ya tambayi Lurwanu ko talabijin ɗin ne ya yi tsalle. Shi da ya taɓa canza taya ɗaya a hanyar Madina daga azahar har la'asar!

Daga nan ya zube kofunan a tabarma, ya ɗauke mini faranti ya mai da shi sitiyari. Kowace kwana sai ya karkace tare da motar, ƙafarsa na neman birki a kan kafet. Ta sha uku. Ta sha biyu. Mai sharhi ya ce motocin gaba birkinsu ya fara gajiya, wannan kuwa ko gezau. Wada ya bugi ƙirji.

"Ka ji, ya Lurwanu? Ludayin 'yata ne."

Saura zagaye biyar ta shiga ta goma. Ni da na aurar da 'ya'ya biyu ban taɓa yin guɗa ba, sai ga ni ina rangaɗa ta, ɗankwali a hannu. Lurwanu na salati yana dariya, ya taka kofi bai sani ba. Daɗi ya kusa kashe mu.

A zagayen ƙarshe direban ya makara wajen taka birki, ya buɗe kwana, wata ta shige ta ciki. Tamu ta ƙare a ta sha ɗaya. Aka kira magariba, maza suka fita masallaci.

Suna dawowa Maha ta kira, muryarta a dishe. Ta ce alkawari kaya ne, za ta ajiye aiki ta nemi tikiti. Wada ya karɓe wayar daga hannuna.

"Tikitin me? Ni direba ne, na ga komai. Motar ba ta da laifi, yaron ne ba shi da hannu. Ki dawo ki bar masa ita shi kaɗai? Khalas, shi ke nan, ya binti, ki zauna. Allah ya yi miki albarka."

"Abuya, sharaɗin fa?"

"Ni na kafa, ni na cire."

Ya miƙo mini wayar ya tashi. Na bi shi na tarar da shi a ɗakin Maha, ya kunna fitila. Ashe tun makon jiya, ranar da na je unguwar Tandabawi wurin ƙanwata, ya sa an ɗaura sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, ko ledar jikinta ba a ɓare ba. Ya tsaya yana kallonta, ya ce in nemo tsohon zani a rufe ta, kada ƙura ta shiga.