Awa Biyu da Rabi da Suka Ɓace

"Koma ƙasa," in ji Injiniya. "A'a, ba nan ba. Gidan ƙarshe, inda jimla take. Karanta mini."

Uwar Layi ta gyara zaman kwamfutar a cinyarta, ta ƙura wa jadawalin ido. "Awa biyar da rabi."

"Awa nawa kuke yi a rana?"

"Takwas, Baba."

"To ina kika kai biyu da rabi? Ko ɓera ya ja?"

Ta sake bin jadawalin da yatsa. Tsohon yana jingine da matasai uku, ciwon zuciya ya cinye shi har agogonsa kan zame zuwa gwiwar hannu, amma idon nan nasa na neman kuskure yana nan daram. Shekara talatin ya yi yana auna aiki a masana'antu kafin ya yi ritaya, kuma har yau matarsa ba ta isa ta sauya wa cokali wuri ba tare da ya tambayi dalili ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Uwar Layi.

Ita ce shugabar mata goma sha ɗaya masu naɗe sabulu a takarda a layi guda, a masana'antar da ke bayan tashar mota, daga nan ta samo sunan. Mako biyu da suka wuce sabon manaja ya kira ta ofis, ya juyo mata da kwamfutarsa, gidajen jadawali duk sun yi ja. Sabulun da ake naɗewa bai kai yadda ake so ba, shi kuma ya gama yanke hukunci cewa hannun matan ne ya mutu. Litinin ɗin nan mai zuwa za a sallami biyar mafiya shekaru, a ɗauko masu zafin hannu. Da ta fito daga ofishin ba ta zame ko'ina ba sai ɗakin maƙwabcinta. Shi ne ya tsara mata jadawali, ya ce ta riƙa auna aikin da agogon wayarta tana kawo masa. Yau Laraba.

"Ina jin ki," ya ce.

"Baba, lokacin da suke tsaye ne. In sabulu bai iso ba sai su tsaya, ni kuma sai in tsayar da agogon." Muryarta ta yi ƙasa. "Yaya zan rubuta da hannuna cewa matan nan na tsaye ba sa komai? Ai na miƙa wa Manaja wuƙa ke nan."

Injiniya ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, har matarsa ta leƙo daga kicin da kofin ruwa tana harararsu su biyun.

"Kun fara ko? Likita ya ce ya huta, ke kuma kin kawo masa abin da ya fi so a duniya."

"Yi haƙuri, Mama."

"Bar ta," ya ce, yana share ido. "'Yata, kin ɓoye shaidarki da kanki don tausayi. Mace mai sanyin hannu ba ta tsayawa, aiki ne ke taruwa a gabanta. Wadda ke tsaye kuwa ta gama nata, jira take. Tsayuwar nan da kike jin kunyarta, ita ce za ta cece su."

Ya sa ta ƙara sahu biyu a jadawalin, ɗaya ta rubuta masa "Jira" a kai, ɗaya "Dalili". Ta miƙa masa kwamfutar don ya sa fomular lissafi kamar yadda ya saba, ya ture ta da bayan hannu.

"Ke za ki sa. Ni zan faɗa, ke ki danna."

"In na ɓata fa?"

"Sai ki gyara. Ba ta cizo."

Sau uku tana yi yana fitowa da wasu alamu marasa kan gado, a na huɗu lissafin ya zauna. Ta ji daɗi kamar yarinyar da ta fara karanta sunanta.

Washegari kuwa sai da aka kai ruwa rana. Da matan suka ga agogo na tafiya alhali suna tsaye, sai kowace ta shiga neman abin yi, wannan ta kama goge tebur, waccan ta ɗau tsintsiya. Babbarsu, wadda ake kira Bakin Reza, ta riƙe ƙugu.

"Yanzu ke, Uwar Layi, tsayuwarmu kike ƙirgawa? Da ke za a haɗa baki a kore mu?"

"Yaya, ajiye tsintsiyar nan ki tsaya. Don Allah ki tsaya kamar yadda kika saba."

"Yau na ga ikon Allah. An ce ba ma aiki, ke kuma kin ce mu tsaya."

Amma ta tsaya, sauran ma suka tsaya, suna kallonta da idon da ya hana ta cin abincin rana. Duk sanda bel ɗin da ke kawo sabulu ya zo wayam, sai ta bi shi baya har inda ya fito, ta rubuta abin da ta gani. Amsar ɗaya ce kullum: injin yanka a kashe, ana sauya masa ƙarfen da ke fitar da babban sabulu a sa na ƙarami, ko a mayar. Sau shida a rana, kowane sauyi minti ashirin da biyar.

Da yammacin Juma'a ta kai masa takardar. Bai iya ɗaga kai ba, sai ta karanta masa. Ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi, ta san lissafi yake.

"Awa biyu da rabin sun dawo," ya ce a hankali. "Saura gobe. Kada ki cike daga ka, ki auna."

Ranar Asabar ta auna har aka tashi. Tana shawo kwanar layinsu da takarda a jaka ta hango bencina a ƙofar gidansa, maza na zaune kansu a ƙasa. Da hantsi ya cika, in ji Mama, bayan ya sha shayi ya ce sukarin ya yi yawa. Uwar Layi ta zauna a dandamalin ƙofa ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinta. Ta so mutumin nan, kuma ba ta taɓa faɗa masa ba.

Ranar Lahadi ta buɗe kwamfutar ita kaɗai a ɗakinta. Babu mai cewa "ba nan ba". Ta shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta yi kuskure a gida biyu, ta gano, ta gyara. Jimla ta fito awa takwas cif.

Manaja ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya yarda da kwamfutarsa fiye da ƙafarsa. Da safiyar Litinin takardun sallama biyar na kan teburinsa lokacin da ta ajiye tata kwamfutar a gefensu.

"Ranka ya daɗe, matana na tsayawa awa biyu da rabi kowace rana."

"Da bakinki kike faɗa?"

"Da bakina. Ga dalilin a sahun gefe."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya danna gidan jimla ya duba fomular. "Wa ya haɗa miki wannan?"

"Maƙwabcina ya faɗa, ni na danna. Shekaranjiya muka rasa shi."

"Allah ya jiƙansa," ya ce, ya miƙe. A karo na farko tun zuwansa ya taka har bakin injin yanka, ya tsaya yana kallon agogonsa ana kwance ƙarfe. Ita ce ta ce me zai hana a yanka manya duka da safe, ƙanana da rana, sauyi ɗaya ya wadatar. Ya ce a gwada na wata guda, takardun kuma ya jefa su a durowa. Kafin a tashi katan-katan sun taru har bakin ƙofa, Bakin Reza tana mita wai yanzu ko ƙaiƙayi mutum ba shi da lokacin sosawa.

Da aka tashi, su duka suka biyo Uwar Layi don yi wa Mama gaisuwa. Yawancinsu ba su taɓa ganin Injiniya ba. Suka cika tsakar gidan da ƙamshin sabulu, suka yi addu'a. A kan igiya akwai rigunansa da aka wanke tun ranar Juma'a, ba wanda ya iya sauke su. Bakin Reza ta tashi ta sauko da su, ta miƙa wa na kusa da ita ɗai-ɗai. Suka ninke su a kan cinyoyinsu, kusurwa na haɗuwa da kusurwa, suka jera a gaban Mama, ita kuma ta ɗora tafinta a kan ta sama.