Tsohuwar Bakin Rumbu

A ƙauyen da ke cikin wayar Kubura akwai wata tsohuwa da ta ƙi mutuwa. Kullum tana bakin rumbu, ta ci ta miƙe ƙafa, damina ta zo ta wuce, ita tana nan daram.

Gem ne, wato wasan waya, da Hanif, ƙanin Kubura, ya ƙirƙira tare da abokinsa Sheshi a wani ɗan shago a unguwar Sauka Kahuta. Mutum zai sari daji, ya kafa ƙauye, ya shuka doya, ya yi ta fama da yunwa da ambaliya. To fa, gem ɗin nan sai addu'a! Akuya ta hau rufin ɗaki ta ƙi saukowa, manomi ya nufi gona ya zarce rijiya. Babbar matsalar kuwa, tsofaffi ba sa mutuwa.

A wurin Kubura wannan ba matsala ba ce. Lokacin da mahaifiyarsu take jinya ita da Kubura suka gina ƙauyen tare, irin nasu na wajen garin Gwada da suka baro. Inna na kwance tana nuni da yatsa: nan gidan maƙwabcinsu Ya'u yake, can tsamiya. Da aka zo raɗa wa mutane suna, ta yi dariya har da tari ta ce, "Waccan mai zaman banzan ni ce, sa mata Dije." Tun bayan rasuwar Inna, Kubura kan tsayar da keken ɗinki ta leƙa waya. In ta ga Dije zaune, sai ranta ya yi sanyi.

Su kuwa masu buga gem sun cika guruf ɗin da suke hira a waya da ƙorafi. Andrawus ya rubuta, "Tsofaffin nan sun cinye mini rumbu, yara na mutuwa da yunwa, su ko mura ba sa yi!" Magdalina ta ce in ba a gyara ba goge shi za ta yi.

Kubura ta ja tsaki ta kira ƙaninta. "Ka gyara wa kowa, amma kada ka taɓa mini nawa."

"Haba Yaya, ni da uwata? Wallahi ba zan taɓa ba."

Ranar Asabar da hantsi ya shigo gidan, ya ce ta ara masa waya ya kira Sheshi, tasa ba caji. Ta miƙa masa ko ɗagowa ba ta yi ba. Ya daɗe a zaure kafin ya dawo da ita.

Da azahar ta buɗe ƙauyen. Bakin rumbu wayam. A bayan gari ga wani ɗan tudun ƙasa sabo kamar kabari. Nan take ta shiga guruf, sai ga bidiyo Hanif ya ɗora: "Albishirinku, an gyara! Mun gwada a kan tsohuwar da ta fi kowa daɗewa." Ga Dije nan ta karkace, ta zube. A ƙasa mutane na ta shewa, Andrawus ya rubuta, "Madalla, mun huta!"

Ba ta san lokacin da ta ja mayafi ba. Ta tarar da su a shago gaban kwamfuta. Sheshi na ganinta ya sunkuyar da kai.

"Yaya, taki ce kaɗai ta tsufa yadda za a iya gwadawa," in ji Hanif. "Da na tambaye ki, ba za ki yarda ba."

"Ka rantse mini, Hanif. Ka cuce ni."

"Zane ne fa kawai! Zan yi miki wata iri ɗaya."

Kubura ta kalle shi. Ta ce, "Na ji. To ka sauke bidiyon nan, mutane na yi wa Inna dariya."

Hanif ya juya ya dubi kwamfuta, inda masu yabo ke ta ƙaruwa. Ya sosa ƙeya.

"Yaya, bari ya ɗan ƙara yawo zuwa gobe."