Gurbi Ɗaya a Jirgin Kudu

Duk birnin Hobart babu wanda ya kai Lindsay Burgoyne sanin cikin kwamfuta, alhali ko sakandare bai gama ba. Sau huɗu ana rage ma'aikata a wurinsu na auna zafin teku, masu digiri na fita rungume da kwalayensu, shi yana nan daram. Sirrin kuwa wani rubutu ne da ya ƙirƙira don adana abin da na'urori suka auna: a ɗora lambobi ɗaya bisa ɗaya kamar faranti, alama ta biyo baya ta kwashi na sama ta ɗaure su. Kwamfuta na karanta shi lafiya lau. Amma in na'ura ta birkice can tsibirin kudu, sai mai iya bin sa da ido. Shi ya sa shekara ashirin da biyu gurbin jirgin da ke zuwa can duk shekara nasa ne.

Sai ga Tamsin Vella, wata takwas kacal da fara aiki. Noelene, shugabarsu, ta ce bana Tamsin ce za ta tafi.

Kwana biyu abin na cin Lindsay. Ran na uku, lokacin shayin hantsi, ya turo wa Tamsin takarda gaban kowa, layi uku cike da lambobi. Da gangan ya cusa alama ɗaya da ta yi yawa.

"Karanta mana, yarinya. Can babu wanda zai riƙe miki hannu, sai iska da kashin tsuntsu."

"Kai, tsoho, ko shayin ba za a bari in sha ba?"

Ta jawo gwangwanin biskit. Duk lamba ta ɗora biskit ɗaya, duk alama ta kwashe biyu ta mayar da ɗaya, bakinta na motsi. Lindsay ya harɗe hannu. Shi da kansa haka ya fara, da murafun kwalba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Wa ya koya mata?

A tsakiyar layi na uku ta tsaya.

"Alamar nan biyu take nema, ɗaya ya rage. Ko na'urar ta haukace, ko wani dattijo ne ya zauna ya rubuta da biro."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Noelene har ta ƙware da shayi, sannan ta ce:

"Lindsay, ai kai ya kamata ka yi alfahari. Ka samu magajiya."

"Ban mutu ba tukuna," in ji shi.

Gurbi dai ya tafi. Lindsay ya koma teburinsa, ya buɗe manhajar da ke karanta rubutun nasa, ya daɗe yana kallon sunansa a layin farko. Sannan ya gyara tabarau, ya fara ƙara wata sabuwar alama, mai zaro na ƙasan tari ba tare da ta taɓa na sama ba. Bai rubuta bayaninta a ko'ina ba.