Zalɓen Clifford Ya Ruɓe a Gindin Dutse

Kun gani, kada wanda ya ce mini bai gani ba. Duk wanda ya hau tudun nan na Dartmoor bara, ya zura hannu ƙarƙashin dutse ya jawo akwatin Clifford Wonnacott, ya shaƙi ɗoyin da na shaƙa. Kuka toshe hanci, kuka buga hatiminsa a takardunku, kuka mayar da tsagaggen murfin, kuka yi gaba farautar wani akwatin. Ai wasanmu ke nan: kowa ya sassaƙa hatimin roba ya ɓoye a akwati a kan tudu, saura su nemo su buga a takarda su adana a kundinsu.

Matarsa, Mama Hilda, ce ta aike ni. Hatimin ƙarshe da Clifford ya sassaƙa kafin ya rasu zalɓe ne tsaye da ƙafa ɗaya. Ya hana ta gani, wai sai ta taka da ƙafarta ta nemo shi kamar kowa. Gwiwoyinta kuwa suka ƙi.

"Tamsin, 'yata," ta ce mini, "je ki bugo mini shi a takarda mai kyau. In ga abin da tsohon nan ya cika mini kicin da ɓarɓashin roba a kansa."

Na tarar da akwatin cike da baƙin ruwa. Littafin da baƙi ke buga nasu hatimin a ciki ya zama kamar burodin da ya kwana a miya, ga fumfuna, ga dodon-koɗi yana yawo a kai. Robar zalɓen ta saki katakon da aka manna ta a kai, ina taɓa ta ta marmashe. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne wata takardar naɗe abinci, duk maiƙo, da wasu suka buga hatimansu a kai suka cusa ciki, don dai a san sun zo.

Ranar taronmu na masu farautar akwatuna, na shiga zauren ƙauye da akwatin a hannu. Tebura cike da kundaye, kowane bugu cikin aljihun ledarsa, an rubuta rana da sunan tudu a ƙasa, ko ɗigon laima babu. Na dire shi gaban shugabanmu, Baba Endacott, kusa da butar shayi.

"Ke yarinya, wace ƙazanta ce wannan kusa da kek?"

"Taku ce, Baba. Na kawo muku kayanku."

"Gyaran akwati na mai akwati ne. Haka ƙa'ida take tun ba a haife ki ba."

"Mai akwatin yana kabari."

"Allah ya ji ƙansa. Wai wannan suka koya miki a jami'ar, ɓata wa manya shan shayi?"

Aka yi dariya. Na jawo kundinsa na yi ta buɗawa har na kai ga zalɓen: shuɗiyar tawada, kowane gashi ya fito tsaf. Na roƙe shi ya ciro wa Mama Hilda.

"In ciro? Kundi ba a yi masa giɓi, 'yata. Duk na bayansa sai lambarsu ta rikice. Ɗauki hotonsa da wayarki."

"Ba ku ne kuke cewa hoto ba hatimi ba ne? Wanda ya kawo hoto har korarsa kuke yi."

Ya rufe kundin, ya ɗora hannu a kai. Sauran mutanen kowa ya sunkuyar da kai cikin nasa, ana ta goge leda da hannun riga.

Na kai wa Mama Hilda hoton duk da haka. Ta shafa gilashin wayar da ɗan yatsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini.

"Robarsa ba ta taɓa wannan ba," ta ce.

Zalɓen nan yana kwance a kundinka, kai mai karanta wannan, a bushe, a kan kantarka. Tashi ka zaro shi daga ledar. Gidan Mama Hilda shi ne mai koren ƙyaure a bayan coci. Kai mata yau.