Ƙofar da Mama Irene Ba Ta Buɗewa

Hairat tana cikin yanka albasa wani kiɗa ya ratso bango, kiɗan da ba ta taɓa ji ba. Ta tsayar da wuƙar.

Bangon da ya raba ɗakinta da na Mama Irene, a gidajen hayan nan na Greenbelt da ke Amurka, sunan bango kawai gare shi. Ko tari tsohuwar ta yi sai an ji. Kullum bayan azahar faifai guda take sakawa, wani tsohon fim na ban dariya, baƙi da fari, na zamanin yaƙin duniya na biyu. Miji ya tafi yaƙi, matar ta kama aikin masana'anta, ta ƙona girki, ta lotsa masa mota, ta cika gida da 'yan haya har wani yana kwana a bahon wanka. Hairat ta haddace shi tas ba don tana so ba. Ta kuma san inda yake tsayawa: ana ƙwanƙwasa ƙofa, matar ta miƙe da tawul a ka, sai Mama Irene ta kashe. Wata takwas suna maƙwabtaka, bai taɓa wuce nan ba. Yau ya wuce.

Ta taɓa tambayarta dalili. Tsohuwar ta ce tana 'yar shekara shida aka ɗauki mahaifinta soja. Kowace Asabar uwarta takan kai ta silima su kalli irin waɗannan, su yi ta dariya, amma da an zo wajen dawowar miji sai ta kamo hannunta su fice. Uban bai dawo ba.

"Muddin ban ga wanda ke bayan ƙofar ba," in ji ta, "kowa ma zai iya zama."

A lokacin abin tausayi ya ba Hairat. Amma shekaranjiya ba ta da sauran tausayin da za ta ba wani. Mijinta Mudathir sojan Amurka ne, an tura su waje, kwana goma sha ɗaya kenan ba kira ba saƙo. Mama Irene ta ga idonta, ta haɗa mata shayi, ta ce ta zauna su kalla ko ranta ya yi sanyi. Hairat kuwa ta fashe. Ta ce fim ɗin ƙarya ne tsagwaronta, wace mace ce mijinta ke bakin bindiga take tuntsira dariya?

"Mu ma ba don daɗi muka yi ba, 'yata."

Iyakar abin da tsohuwar ta ce kenan. Hairat ta fice ta bugo ƙofa. Kwana biyu ba ta leƙa ba, ita da ta tashi a Zangon Kumasi inda ba a wuce ƙofar babba ba gaisuwa. Ga shi makullin ɗakin yana hannunta. Mama Irene ta ba ta shi ne bayan wani maƙwabcinsu, Jerome na ƙasan bene, ya kwana huɗu a mace kafin a ankara, ta roƙe ta kada ta bari a same ta haka.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta ɗauki makullin, hannunta duk warin albasa, ta je ta buɗe ƙofar, ta yi sallama don sabo, ba wanda ya amsa.

Mama Irene tana kan kujerarta, bargo a gwiwa, kanta ya karkata. Rimot ya faɗi kan kafet. Hairat aikin kula da tsofaffi take yi, ba ta buƙatar a faɗa mata. Duk da haka ta taɓa wuyanta, ta daɗe, sannan ta yi innalillahi. Hannun da sauran ɗumi. Kofin shayin ma haka. Kusa da shi ga wani kofin, wankakke, an ajiye shi da cokalinsa a gefen da Hairat take zama.

Nan kukan ya zo mata.

"Mama, ki yafe mini," ta ce da Hausa, yaren da tsohuwar ba ta ji ko kalma ɗaya.

Ta kira lambar gaggawa, ta karanta musu takardar likita da ke manne a firji, wadda ta ce kada a yi ƙoƙarin farfaɗo da ita. Suka ce suna hanya.

Sai a sannan ta dubi talabijin. Wani siririn soja mai manyan kunnuwa ya yar da jaka, ya rungume matar, 'yan haya suna tafi. Ashe wannan ne. Haushinsa ya kama ta, ta rasa dalili.

Ta ɗauki rimot ta mai da fim ɗin baya, sojan ya koma da baya ya fice, ƙofar ta rufe. Ta tsayar da shi a nan. Ta zauna a ƙasa, ta riƙe hannun Mama Irene, ta ɗora wayarta a cinya, fuskar wayar tana sama ko Mudathir zai kira. Can daga wajen babban titin Beltway aka fara jin jiniya. A talabijin, matar nan tana tsaye da tawul a ka, hannunta a miƙe, saura kaɗan ya taɓa ƙofar.